Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida: Tsokaci A Kan Hali Da Tsaron Ran Manomi

Gabatarwa

Bahaushe ya yi wa noma kirari da “na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar.” Kirari ne na gaskiya, sai dai akwai abin da bai ambata ba, wato tsohon cinikin nan yana cin mutane. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta daɗe tana lissafa noma cikin sana'o'i uku mafiya haɗari, tare da haƙar ma'adinai da aikin gine-gine, har ma a shekarar 2001 ta zartar da yarjejeniya ta musamman a kan lafiyar masu aikin gona. Mu kuwa a nan, idan aka ɗauko mutum daga gona ranga-ranga, kalma ɗaya ke fita daga bakinmu: tsautsayi. Sai mu ƙara da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu shafa fatiha, kowa ya watse.

Manufar wannan muƙala ita ce a ɗan tsaya a kan wannan kalma. Shin kiyaye kai a gona wajibi ne a kan manomi, ko kuwa zaɓi ne wanda in ya ga dama ya ɗauka? In wajibi ne, waɗanne halaye ne suke taimaka masa, kuma waɗanne ne daga cikin halayen da muke yabo suke jefa shi cikin halaka? Za mu ɗauki garin Mamudo na ƙaramar hukumar Potiskum a Jihar Yobe a matsayin madubi, domin magana a kan hali ba ta kama ƙasa sai an ɗora ta a kan mutane da wurin zamansu.

Mamudo da Haɗurran Gonarta

Mamudo na gefen babbar hanyar da ta tashi daga Potiskum ta nufi Damaturu, 'yar tazara kaɗan daga cikin gari. Yanki ne da Ngizim da Karekare da Bolewa da Fulani da Hausawa suka cuɗanya, harshen Hausa kuma shi ne na kasuwa da na hulɗa. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne ƙashin bayan noman wurin, kiwo kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da noma, kasancewar kasuwar shanu ta Potiskum na cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Damina gajeruwa ce, galibi daga watan Yuni zuwa Satumba, saboda haka aikin shekara guda a cikin 'yan watanni ake cusa shi. Wannan ƙuncin lokaci shi ne uwar gaggawa, gaggawa kuwa an ce aikin Shaiɗan ce.

Kowane zango na shekara da irin haɗarinsa. A bazara, lokacin sassabe da sharar gona, zafin rana kan haura ma'auni 40, ga kuma wutar da ake cinna wa kara wadda iska kan juya ta ba zato. Da damina akwai tsawa, akwai shanun huɗa da kan firgita, akwai maganin feshi. Da kaka akwai maciji a ƙarƙashin dami da harawa, akwai injin casa mai fizgar hannun riga, akwai amalanken da aka yi wa lodi fiye da kima, akwai kuma rikici tsakanin mai gona da mai garke. Bayan an kai amfani gida, sai a shiga haɗarin maganin adana hatsi.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗanda waɗannan abubuwa ke ritsawa da su ba baƙin noma ba ne. Sun iya riƙon fartanya, sun iya saita garma, sun iya haɗa magani. Ashe ke nan akwai wata ƙwarewa ta daban, bayan ta hannu, wadda rashinta ke jawo asara.

Darasi Daga Jirgin Sama

Waɗanda suka fara zama suka yi wa wannan ƙwarewa nazari na ilimi su ne masu harkar jiragen sama. A ranar 27 ga Maris, 1977, manyan jirage biyu suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, mutum 583 suka halaka. Jiragen lafiyarsu ƙalau, matuƙin da ya taso da nasa jirgin kuwa yana cikin mafiya gogewa a kamfaninsa. Bincike ya nuna cewa hazo ya rufe filin, an yi rashin fahimtar juna da masu ba da izinin tashi, sannan ɗaya daga cikin mataimakan matuƙin ya nuna shakkar ko ɗaya jirgin ya kauce daga hanya, amma maigidansa ya amsa masa da tabbacin da bai bar ƙofar musu ba, shi kuma ya yi shiru. Wannan haɗari da ire-irensa ne suka sa aka shiga koya wa matuƙa yadda ƙarami zai tsaya a kan maganarsa, da yadda babba zai saurara.

Daga baya aka kai wannan nazari asibitoci da rijiyoyin mai, sannan aka kawo shi gona. A 2015 masu bincike a Jami'ar Aberdeen ta Birtaniya suka buga sakamakon hirarrakin da suka yi da manoma, inda suka fitar da halayen da ke tsare manomi: lura da abin da ke kewaye da shi, yanke shawara daidai, tsara aiki, da kuma jagoranci da haɗin kai idan aikin na jama'a ne. Manoman da aka yi hira da su masu tarakta ne, namu kuwa galibi masu fartanya da garmar shanu, amma mai karatu zai ga cewa babu ko ɗaya a cikin jerin nan da ya zama baƙo a wurinmu. A 1974 Kirk-Greene ya lissafa siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa, ciki har da hankali da haƙuri da gaskiya da amana da kunya. Abin da ya rage mana shi ne mu fita da waɗannan siffofi daga zaure mu kai su gona, mu ga wanne zai yi aiki kamar yadda yake, wanne kuma ke bukatar gyara.

Lura

Hankali a gona sunansa lura. Tsohon manomi yakan dubi gabas ya gane hadarin da zai zubar da ruwa da wanda iska ce kawai a cikinsa. Yakan lura da kunnen sa kafin ya kusance shi. Ba ya cusa hannu ƙarƙashin damin da ya kwana sai ya fara juya shi da sanda, domin ya san kububuwa na son irin wannan maɓoya, ga ta ƙarama, ga launinta ya saje da ƙasa. Kafin ya fara feshi yakan ɗebi ƙasa ya sake ta, ya ga inda iska ta nufa, don kada ya yi ta tafiya cikin abin da yake fesawa.

Babban abokin gabar lura shi ne sabo. An ce sabo turken wawa. Wanda ya shekara 20 yana feshi bai faɗi ba, shi ne wanda in bakin famfon feshi ya toshe zai sa nasa bakin ya hura. Shi ne zai ɗauraye jarkar magani ya mai da ita ta ruwan sha ko ta mai. Alhali wasu magungunan kashe ciyawa, irin su farakwat, babu makarinsu a asibiti in sun shiga ciki, wasu kuma ta fata suke ratsawa su taru a jiki sannu a hankali. Kwana lafiya jiya ba hujja ba ce ta kwana lafiya yau, kuma sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

A nan ne za a ga cewa lura ta wuce dabara ta zama amana, domin sakacin mutum ɗaya ba a kansa kaɗai yake ƙarewa ba. Matar da za ta wanke rigar feshi tare da kayan yara ba ta je gona ba. Yaron da ya kai abinci ya zauna kusa da buɗaɗɗiyar kwalba bai san komai ba. Ƙwayar da ake jefawa cikin buhun hatsi iska mai guba take fitarwa, kuma in aka jibge buhunan a ɗakin da mutane ke kwana tana iya kashe su. Waken da aka zuba wa maganin da ba na abinci ba, wani ne can a Kano ko Legas zai ci shi; a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Ga shi kuwa tun wajen 2007 aka fara yaɗa buhu mai ruɓi uku wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba. Wanda ya san da wannan kuma yake da halin saye, sannan ya zaɓi guba don ta fi araha, to ya ci amanar wanda zai ci tuwo da miyar abin da ya noma.

Kunya da Faɗin Abin da Aka Gani

Kunya ado ce a wurinmu, kuma ba mu da niyyar rage mata daraja. Ita ke sa ɗa ya rusuna wa uba, suruki ya kauce wa suruki. Sai dai magabata da kansu sun yi mata iyaka da suka ce tsoro na daji, kunya na gida. Kowane hali da muhallinsa. Wanda ya ɗauki kunya ya tafi da ita daji ya kai ta inda ba a aike ta ba.

Mu dubi tsarin gandu, inda uba ke jagorancin 'ya'yansa da ƙannensa a gona ɗaya. Hadari ya haɗo, walƙiya ta fara, maigida ya ce a fake ƙarƙashin doguwar bishiyar da ke tsakiyar gona. Ƙaramin ɗansa ya ji a makaranta cewa bishiyar da ta tsaya ita kaɗai a fili tana cikin wuraren da tsawa ta fi faɗawa. Zai yi magana ko zai yi shiru? In ya yi shiru ya cika ladabi kamar yadda aka saba fassara shi, amma ya bar mahaifinsa da 'yan'uwansa cikin haɗari. Wannan shi ne ainihin halin da mataimakin matuƙin nan ya samu kansa a Tenerif.

Ra'ayinmu shi ne magana a irin wannan wuri ita ce ladabin, kuma harshenmu ya tanadi yadda ake yin ta ba tare da cin fuska ba. Yaro na iya cewa, “Baba, Allah ya ba ka haƙuri, na ji an ce gindin itace ba shi da kyau lokacin tsawa, ko mu ƙarasa gida?” Bai ɗaga murya ba, bai ce baba ya yi kuskure ba, amma ya sauke nauyin da ke kansa.

Rabin nauyin kuwa yana kan babba. Mun saba da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne a sha'anin zaman duniya. Amma rubutun da ke jikin kwalbar magani yaron da ya je makaranta ne ke iya karanta shi, kuma an ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Maigidan da ya gwasale yaro sau ɗaya a gaban jama'a ya rufe bakinsa ke nan, ranar da yaron zai ga bel ɗin injin casa ya kusa cafke gefen babbar riga ba lalle ya yi saurin magana ba. Haka abin yake ga ɗan ƙwadago, wanda ke tsoron in ya ce jiri na ɗibarsa gobe ba za a ɗauke shi aiki ba. Jagora na gari shi ne wanda, tun kafin a duƙa, zai raba aiki, ya faɗi inda ramuka da tsohuwar rijiya suke, ya hana yara zuwa kusa da inji, sannan ya ce duk wanda ya ga abin da bai gane ba ya faɗa. Wanda kuma zai tafi gona shi kaɗai, ya gaya wa iyalinsa wace gona ya nufa da lokacin da za a sa ran dawowarsa, domin in wani abu ya faru a san inda za a nufa.

Jarumta da Sanin Iyaka

Adabinmu na baka ya yi wa noma hidima babba. Makaɗan noma irin su Amali Sububu sun ɗaga darajar mai fartanya, kiɗan gayya kuma ya sa aikin kwana uku ya ƙare a yini guda. Amma mu da muke nazarin adabi ya kamata mu lura da irin mutumin da waɗannan waƙoƙi suka fi kambamawa: wanda ba ya ɗagowa, ba ya neman inuwa, ba ya waiwayen tulun ruwa. Saurayin da ganga ke zuga shi a gaban 'yan mata zai gwammace ya faɗi da a ce ya gaza.

To amma jiki magayi. Mutumin da rana ta dafa shi, ƙishirwa ta kama shi, hankalinsa ne ke fara raguwa kafin ƙarfinsa, shi ya sa sarar ƙafa da fartanya da sakin igiyar sa suka fi aukuwa ga wanda ya jigata. Manomin da ya yi sammako, ya huta lokacin da rana ta take, ya koma da la'asar, ba rago ba ne. Ya fahimci cewa damina ba yini ɗaya ba ce, kuma in ya kwanta jinya a tsakiyar noman firi, ciyawa ba za ta jira shi ba. Sauri ya haifi nawa.

Wannan gurguwar jarumta ta fi yin ɓarna bayan saran maciji. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma sau da yawa mutum kan ji kamar da sauƙi a sa'o'in farko. Sai ya ce ba komai, a ɗaure ƙafa tamau, a tsaga, a tsotse, a jira a gani. Likitoci sun yi gargaɗi a kan duk waɗannan. Abin da suka ce shi ne a kwantar da hankalin mutum, a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara da wannan aiki, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su. Shawarar da aka yanke a sa'ar farko ita ke raba mai rai da gawa, kuma ta fi sauƙin yankewa in iyali sun riga sun tattauna tun kafin kaka: wane asibiti za a nufa, babur ɗin wa za a hau, kuɗin daga ina.

Haka nan ranar da manomi ya tarar da shanu cikin wakensa. Zuciya za ta ce ya ɗaga adda. Jarumin gaske shi ne wanda zai haɗiye fushi, ya kira shaidu, ya kai ƙara wurin mai unguwa ko arɗo. Ana biyan diyyar wake, amma rai in ya fita ba ya dawowa, kuma gabar da aka ƙulla a gona ɗaya takan ci ƙauye.

Tawakkali

Wani zai ce, duk wannan kaffa-kaffa ba ta hana abin da Allah ya rubuta. Mun yarda, babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Amma malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci wani mutum da ya ɗaure raƙumarsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, a kan hanyarsa ta zuwa Sham, ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai ya juya. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya ba da misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa.

Manomi ma ya san haka a aikace. Babu wanda ke zama a gida ya ce in Allah ya rubuta masa gero zai tsiro ba shuka. Yana shuka, ya yi noma, ya yi maimai, ya kori tsuntsu, sannan ya roƙi albarka. Abin mamaki ne a ce mutum ya riƙi sababi wajen kare zangarniya, amma ya yi watsi da shi wajen kare ran da zai ci zangarniyar. Kalmar tsautsayi ta dace a bakin mai ta'aziyya, domin tana sanyaya zuciya. Kuskuren shi ne a mai da ita murfin da ke hana a tambayi yadda abin ya faru, har ya sake faruwa ga maƙwabci. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Iyakar Wannan Magana

Adalci ya wajabta mu faɗi inda hali ya tsaya. Mutanen Mamudo sun san wani irin haɗari wanda lura ba ta maganinsa. A ranar 6 ga Yuli, 2013, ana cikin damina, 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren gwamnati da ke garin, aka kashe mutum 42, mafi yawansu ɗalibai. A ranar 28 ga Nuwamba, 2020, aka yi wa manoman Zabarmari kisan gilla suna girbin shinkafa a Koshebe ta Jihar Borno, washegari aka yi jana'izar 43 daga cikinsu. Babu wanda zai ce waɗannan bayin Allah sakaci ne ya ci su.

Saboda haka kada wani mai mulki ya ɗauki irin wannan muƙala ya mai da ita garkuwa. Tsaron hanya da gona, da samar da allurar kashe dafi a asibitin da ke kusa, da hana sayar da guba a kasuwa barkatai, da tura malaman gona ƙauyuka, duk haƙƙi ne a kan hukuma. Talauci ma yana da nasa hannun: wanda bai da kuɗin takalmin roba ba za a zarge shi da tafiya da silifa ba, wanda rumbunsa ya ƙare ba zai iya ƙin fita gona ba ko da ya ji ƙishin-ƙishin. Abin da muke cewa kawai shi ne, a cikin ɗan filin da ya rage a hannun manomi, akwai abubuwan da ba sa cin ko kwabo: duba kafin a taɓa, faɗa in an gani, saurara in an faɗa, hutawa in an gaji, da gaggawar neman taimako.

Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa kiyaye kai a gona wajibi ne, domin ran manomi amana ce a hannunsa, kuma a bayansa akwai iyali da ma'aikata da masu cin abin da ya noma. Mun ga cewa halayen da ake bukata suna nan cikin tarbiyyarmu, illa dai wasu na bukatar a mai da su muhallinsu: kunya ta tsaya inda ba za ta rufe bakin mai gargaɗi ba, jarumta ta haɗa da sanin iyaka, tawakkali ya biyo bayan ɗaure raƙumi.

Akwai aiki a nan a gaban marubuta da mawaƙa da ɗaliban adabi. Al'umma takan zama abin da take yabo. Mun daɗe muna yi wa wanda ya cika rumbu kirari. Ya kamata a samu mai yi wa maigidan da ya shekara 40 yana jan gandu bai rasa yatsan yaro ko ɗaya ba. Sarakunan noma da limamai da malaman makaranta su ma suna da bakin da ake ji, musamman a gab da faɗuwar damina da kuma farkon kaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowane manomi gidansa lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.